Ba Mu San Wembanyama Ba, Na Yarda. To Masai Ujiri Fa?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu sarari. Amma don Allah kar a yi min sharhi daga ganin kan magana, a karanta tukuna.

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a gidan kallon ƙwallo a nan Taura, an tafi hutun rabin lokaci, sai wani yaro ya miƙo min wayarsa ya ce, "Malam, don Allah duba min, wannan mutum ne ko haɗin kwamfuta ne?" Bidiyon Victor Wembanyama ne, yana tsaye yana tare ƙwallo a sama kamar mai tsinkar mangwaro. Na ce masa mutum ne, ɗan Faransa ne, kuma a ƙwallon kwando yau da wuya ka samu matashin da duniya take magana a kansa kamar shi. Nan take musu ya kaure. Wani ya ce in da shahararre ne da sun san shi. Na ce to ku lissafo min 'yan wasan Faransa. Kafin in rufe baki sun jero Mbappe, Dembele, Kante, Pogba, har da Zidane da Henry, wani ma ya faɗi albashin Mbappe kamar shi yake biyansa. Na ce to na ƙwallon kwando fa? Shiru kake ji.

Ban ga laifinsu ba. Abin da ake nuna maka shi ka sani. Amma bari in ɗan faɗa muku wane ne yaron. An haife shi a watan Janairun 2004 a wajen birnin Paris. Mahaifinsa asalinsa ɗan Kwango ne, mahaifiyarsa kuwa tsohuwar 'yar wasan ƙwallon kwando ce da ta koma koyarwa. Tsayinsa ya haura mita 2 da santimita 20. Yana ƙarami ya taɓa tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya tsaya a kan kwando. Ya yi wasa a Nanterre, ya yi a ASVEL, ya yi a Metropolitans 92, sannan a 2023 ƙungiyar San Antonio Spurs ta Amurka ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya cikin duk sababbin 'yan wasan da suka shiga gasar NBA a shekarar. A 2024 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, kuma a shekarar ya kai Faransa wasan ƙarshe na Olamfik a Paris, inda Amurka ta doke su suka tashi da azurfa. Wannan shi ne wanda ake tambaya ko haɗin kwamfuta ne.

Wannan bai dame ni ba. Bafaranshe ne, ba shi da dangi a Taura, in ba mu san shi ba babu abin da ya rage shi da shi, mu ma babu abin da ya rage mu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambaya ta biyu da na yi. Na ce, "To wa ya san Masai Ujiri?" Wani ya ce sanata ne daga Kudu. Wani ya ce mawaƙi ne. Mutum ɗaya bai sani ba, har da waɗanda suka yi karatu a Zariya.

Masai Ujiri yaron Zariya ne. An haife shi a Ingila a 1970 lokacin da iyayensa suke karatu a can, aka dawo da shi yana ɗan ƙarami, ya tashi a Zariya. Mahaifinsa ɗan jihar Delta ne, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar kowane yaron Arewa, da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana da shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, ya faɗa hannun wani koci Ba'amurke da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, Oliver B. Johnson, wanda ake kira OBJ. Ba Obasanjo ba fa, kar wani ya ruɗe. Daga wannan filin na Zariya ya samu hanyar tafiya Amurka karatu, ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a jihar North Dakota, sannan ya yi shekaru yana yawon wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, Ingila da Beljiyam da sauransu.

Ku lura da wannan, domin shi ne zuciyar maganata: Masai bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. A matsayin ɗan wasa bai yi suna ba. In da shahara ce ma'aunin mutum, da tuni an rufe littafinsa. Da ya daina wasa a 2002, sai ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa, yana kwana a ɗakunan abokai. Daga nan Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi. A 2010 ya zama babban manajan Denver. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara, shi ne na farko da ba Ba'amurke ba da ya samu wannan. A shekarar ya koma Toronto Raptors ta Kanada, kuma a 2019 ƙungiyar da ya haɗa da hannunsa ta doke Golden State ta ɗauki kofin NBA, karo na farko da kofin ya bar ƙasar Amurka. A cikin 'yan wasan akwai Pascal Siakam ɗan Kamaru da Serge Ibaka ɗan Kwango. Ya riƙe ƙungiyar har zuwa watan Yunin 2025.

Wannan mutumin, a Toronto in ya fito titi sai an tsaya ɗaukar hoto da shi. A Taura ana tambaya ko sanata ne.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A watan Yulin 2025 an buɗe wani katafaren waje a Kigali, babban birnin Ruwanda, mai otal da filin wasa da shaguna, kusa da babban zauren wasanninsu. Masai ne ya jagoranci gina shi, Shugaba Paul Kagame ya halarci buɗewar. Kun san sunan da ya sa wa wajen? Zaria Court. Sunan garinmu na Arewa, a ƙasar da ba ta kai jihar Neja girma ba. Suna namu, gini nasu, aikin yi na yaransu.

Ban kawo wannan don in zargi Masai ba. A Najeriya ya fara sansanonin horar da yara tun 2003, da ƙungiyarsa ta Giants of Africa, kuma ƙungiyar ta yi alkawarin gina filaye 100 a faɗin Afirka, wasu an gina su a Najeriya. Mai kuɗi da mai basira inda aka shimfiɗa musu tabarma suke zama. Ruwanda ta gina zaure mai cin mutum 10,000 a 2019, ta karɓi baƙuncin gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL ta farko a 2021. Mu kuma a 2017 zaɓen hukumar ƙwallon kwando biyu muka yi, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, aka samu shugabanni biyu, aka shekara da shekaru ana ja-in-ja, gasar cikin gida ta kwanta. A 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu, kafin a janye maganar bayan 'yan makonni 'yan matanmu sun riga sun rasa gurbinsu na gasar cin kofin duniya, an ba Mali. To wa zai kawo kuɗinsa cikin wannan rikici?

Yanzu bari in faɗa muku dalilin da ya sa abin ya dame ni har na zauna rubutu.

Ina da ɗan yaya, shekararsa 15. Ya fi ni tsawo da nisa, ya fi ubansa, in zai shiga ɗakin uwarsa sai ya sunkuya. Duk unguwa ba mai kiran sunansa, daga Falwaya sai Raƙumin Dawa. Takalmin ƙafarsa sai mun zagaye kasuwar Gujungu mu dawo hannu rabbana, sai dai a saya masa silifas dugadugansa suna ƙasa. In ana raba tim a filin unguwa, kullum shi ne gola, ba don ya iya ba, sai don ba wanda yake son ya ba shi fas. Abin da na lura da shi kwanan nan, yaron ya fara tafiya a duƙe. Da gangan yake ranƙwafar da kafaɗa don ya rage tsawo. Na ce masa, "Kai, miƙe mana." Ya ce, "Kawu, dariya suke min."

Wallahi maganar nan ta tsaya min. Abin da a Faransa za a yi layi a ƙofar gidanku saboda shi, a nan shi ne abin kunya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda yake shiga kasuwanninmu ya san muna da dogayen yara, musamman cikin 'yan uwanmu na rugage. Jigawa tana cikin jihohin da tsumburewar yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki ta fi yawa, amma duk da haka ga su nan suna fitowa zanƙal-zanƙal. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Faransa ba sa'a ta yi ba. Suna da cibiyar horar da matasan 'yan wasa ta ƙasa a Paris, INSEP, inda yaro yake karatu yana atisaye a waje ɗaya. Daga nan Tony Parker ya fito, wanda ya ci kofin NBA sau huɗu da San Antonio, a 2003 da 2005 da 2007 da 2014. Daga nan Boris Diaw ya fito, ɗan wani Basanagale. Ƙungiyoyinsu na garuruwa suna da rukunin yara tun daga 'yan firamare. Shi ya sa bayan Wembanyama ya zo na ɗaya a 2023, a 2024 ma na ɗaya da na biyu duk Faransawa ne, Zaccharie Risacher da Alex Sarr. In ka duba sunayen 'yan wasansu za ka ga Coulibaly, ka ga Dieng, ka ga Fall, jinin Mali da Senegal ne, irin jikin da muke gani a nan kullum. Bambancin kawai, can an sa musu kwando a gabansu tun suna ƙanana.

Mu ma ba baƙin wasan ba ne. Hakeem Olajuwon ɗan Legas gola ne a ƙwallon ƙafa kafin wani ya ce masa ya gwada kwando yana ɗan shekara 15, daidai shekarun ɗan yayata. A 1984 shi aka ɗauka na ɗaya, Michael Jordan na uku. Ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, kuma yana azumin Ramadana yana buga wasa, duniya tana kallo. 'Yan wasanmu maza sun ci kofin Afirka a 2015, sun doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Matanmu sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 su ne tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kwata fainal a Olamfik. Nan kusa da mu, Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Amma ka ce "Sai Masu Gida" a Taura, kowa ƙwallon ƙafa zai kawo a ransa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa shiga rufaffen ɗakin wasa na Ƙofar Mata suka kalli wasansu? Ni ma da nake wannan surutu sau ɗaya na taɓa.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, bari in riga ku.

Na farko: "Malam, ana fama da yunwa da ambaliya, azuzuwa ba rufi, kai kana maganar ƙwallo." Gaskiya ne, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin rufin aji da filin wasa, rufi zan zaɓa, ba ko tantama. Amma ba wannan zaɓin ne a gabanmu ba. Kuɗin wasanni ana kashe su dama. Duk kakar siyasa sai ka ga kofin wane da kofin wane, a sayi riguna masu hoton ɗan takara, a raba babur da kuɗi, a yi faɗa a wasan ƙarshe, bayan wata ɗaya ba abin da ya rage sai rigar da ta koɗe. Ni cewa nake a cire kaso ɗaya daga wannan a zuba siminti. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ɗauki irinsa fiye da goma sha biyar. Turaku biyu, alluna biyu, zobba biyu a tsayin mita 3 da santimita 5. Mai walda na bakin tasha zai haɗa su. Ba ciyawa, ba ban ruwa. In an yi shi da kyau sai ya shekara goma yana aiki.

Na biyu: "Yaro nawa ne za su je NBA?" Kusan babu. Ƙungiyoyi 30 ne, kuma sababbin da ake ɗauka a zaɓen shekara ba su wuce 60 ba daga duk duniya. Duk wanda ya ce maka ɗanka zai zama Wembanyama, ko ya ce ka kawo kuɗi zai fitar da shi waje, riƙe aljihunka, ɗan damfara ne. Ni ban yi wa ɗan yayata wannan alkawarin ba, ba kuma zan yi ba. Shi ya sa na kawo labarin Masai maimakon in tsaya a kan Bafaranshen. Masai bai kai NBA da ƙafarsa ba, amma wasan ya ba shi karatu, ya ba shi harshe, ya ba shi mutane, ya ba shi sana'a. Tsakanin NBA da zaman banza akwai matakai da yawa: gurbin jami'a, ƙungiyoyin hukumomin tsaro da na jihohi da suke ɗaukar 'yan wasa aiki, koci, alƙalin wasa, malamin motsa jiki. Ko duk ba a samu ba, yaron da yake fili daga la'asar zuwa magariba ba ya bayan makaranta yana shan abin da muka sani. Mu daina yin kamar ba mu san abin da yake cin yaranmu ba.

Na uku: "Ai wasan dogaye ne kawai." A'a. Tony Parker bai kai mita 1 da 90 ba. Wanda yake riƙe ƙwallo yana raba ta, kai da sauri ake nema a wajensa. Mutum biyar-biyar ake yi, ana yin uku-uku ma a rabin fili da kwando ɗaya, kuma wannan ɗin har a Olamfik ana yin sa.

Na huɗu, maganar 'ya'ya mata. Na san yanayinmu, ba kuma na ce a yi abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya ba. Amma ku sani tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta amince mace ta yi wasa da kanta a rufe. Makarantun 'yan mata na kwana da muke da su a katange suke. Fili a cikin katanga, malama mace, sutura cikakkiya, ina matsalar? Su ma jikinsu yana buƙatar motsi.

Da matanmu suka ci kofi a 2025, Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala 100,000 da gida da lambar girma. Sun cancanta, Allah ya sanya alheri. Amma da yawansu a Amurka aka haife su ko a can aka horar da su. Mun iya liƙi ranar biki, ba mu iya raino ba. Wani ya yi noma, mu mu zo da buhu ranar girbi.

To me nake nema? Abu uku, kuma ba na jiran Abuja.

Ɗaya, ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi: ƙananan hukumomi 27 muke da su. Fili ɗaya a babbar sakandare ɗaya ta kowace ƙaramar hukuma, a bar shi a buɗe ga yaran gari da yamma. A tura malaman motsa jiki kwas na 'yan makonni, Kano da Zariya ba nisa, kuma akwai masu koyarwa a can. A sa gasa tsakanin makarantu sau ɗaya a shekara, wasan ƙarshe a Dutse. Fili ba malami ba gasa, wajen shanya shinkafa zai koma, wannan kowa ya sani.

Biyu, ga masu neman kujera da masu hannu da shuni na Taura da Ringim da kewaye: in dai suna kuke so, ku rubuta sunanku a jikin allon, ba mai hana ku. Ya fi daɗewa a kan fosta.

Uku, ga mu kanmu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na matasa: in muna iya haɗa kuɗin walima da na anko, za mu iya haɗa na buhunan siminti. Ni na yi magana da wani mai walda, ya ce in aka kawo ƙarfe zai yi aikin zobe da turaku a kan kuɗin abinci kawai. Ƙwallo biyu na farko a wuyana.

Sannan mu iyaye da yayye, mu gyara bakinmu. Yaron da Allah ya ba tsawo ba abin tsokana ba ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma namu tanƙwarawar ita ce mu sa yaro ya dinga tafiya a duƙe.

Daren jiya na kira ɗan yayan nawa na nuna masa bidiyon Wembanyama, sannan na nuna masa hoton Masai riƙe da kofi, na ce wannan a Zariya ya tashi, ya sha ƙurar hunturu irin wadda kake sha. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Kawu, to a ina ake yi a nan?" Ban da amsar da zan ba shi. Amsar nake nema a wajenku.

Duk wanda ya san koci, ko tsohon ɗan wasa ɗan Jigawa, ko makarantar da take da fili ko da ya lalace ne a Ringim, Gumel, Haɗeja, Kazaure ko Dutse, ya rubuta a ƙasa ko ya same ni ta akwatin saƙo. Wanda yake ganin na yi kuskure shi ma bismillah, a yi musu cikin mutunci, ba zagi. Wanda kuma yake da hanyar isar da wannan ga masu iko, ya taimaka ya tura.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu ga amfaninsu. Amin.